Uwargida, Daga Ina Itacenki Yake Fitowa?

Yau ba girki za mu koya ba, zancen abin da ke ƙarƙashin tukunya za mu yi.

Uwargida, ranki ya daɗe, in kin aiki yaro sayen itace ya komo miki da 'yan tsiraru huɗu, kada ki yi saurin cewa ya ci canji. Ki sami wata tsohuwa a Kwarbai ko Limancin Kona ki tambaye ta yadda ake samun itace a zamanin amarcinta. Za ta ce miki da hantsi mutanen ƙauye ke shigowa da shi ta Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, wani a ka, wani a kan jaki. A cikin ganuwa ma akwai gonaki da fadamu, yara na tsinto ƙirare, kaka ta yi a tara kara. Yau gidaje sun cinye yawancin filayen nan, itace da gawayi kuwa sai a mota, daga nesa, kuma ke ce mai biyan kuɗin man.

Dalili shi ne daji yana ja da baya. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahotonta na 2020, ta ce a 1990 dazuzzukan Nijeriya sun kai wajen hekta miliyan 26 da rabi. Zuwa 2020 sun koma miliyan 21 da dubu 600. Watau kowace shekara ana rasa wajen hekta dubu 163. 'Yan makaranta, ku ɗauki alƙalami ku raba wannan da kwana 365, za ku sami fiye da hekta 440 kullum, hekta ɗaya kuwa ta fi filin ƙwallo girma. In kun ci karo da wani lissafi a tsohon littafi, mai cewa daga hekta miliyan 17 a 1990 aka faɗo miliyan 9 a 2010, shi ma na hukumar ne, kafin a sake awo. Duk wanda kuka ɗauka dai, ƙasa ya nufa.

To, da zarar an ta da wannan magana sai ki ji maza na cewa ai mata ne suka ƙone daji a murhu. Ni ban yarda a ɗora mana laifin duka ba. Babban mai cin daji shi ne sabon gona. Ƙidayar 1991 ta sami mutum wajen miliyan 89 a ƙasar nan, ta 2006 ta sami miliyan 140, yanzu kuwa an haura miliyan 200, kowa da bakin da zai ci tuwo. Ga masu katako, ga masu cinna wa daji wuta don ɓera, ga 'yan gawayi da ke kayar da ɗanyen itace su turbuɗe shi. Wace mace kika taɓa gani da injin yankan katako? Sa'an nan ba don sha'awar hayaƙi muka koma murhu ba. Masu shekaru sun tuna wahalar kananzir ta zamanin Abacha, har aka ƙago murhun garin katako aka sa masa sunansa. A 2016 gwamnati ta janye tallafin kananzir, risho ya koma bayan gado, wadda ta sayi tukunyar gas kuma tsada ta sa tana lallaɓa ta kamar ƙwai.

Amma fa asarar a kanmu take fara sauka. Ɗorawa ce ke ba ki kalwar daddawa, kaɗanya ta ba ki man kaɗe, kuka ta ba ki miya, tsamiya ta gyara kunu. Turmin da kike daka a ciki, mai ƙarko, na ƙirya ne, ƙiryar nan kuwa ita 'yan gawayi suka fi nema. Rimin da aka san Zariya da shi, har unguwanni suka ci sunansa, irin su Rimin Doko da Rimin Tsiwa, audugarsa iyayenmu ke ɗura wa matashi da katifa. In tsohon rimi ya faɗi yau, wa kika ga ya dasa wani a gurbinsa?

Akwai abin da na lura da shi a hanyar Giwa da ta Soba. Dajin da ba na kowa ba ya ƙare, amma ɗorawar da ke tsakiyar gonar mutum tana nan tsaye, domin tana da mai ita. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun gane wannan. Bayan farin 1973 da na 1984 ƙasarsu ta zama fayau. Wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Toni Rinaudo, ya shiga nuna wa manoma cewa kututturan da suke sassabewa kowace bazara ba su mutu ba. Sai a zaɓi 'yan tofo masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Suka kira shi sassabin zamani. Da manoma suka tabbata itacen nasu ne, ba na malamin daji ba, sai abin ya bazu har Damagaram. An ƙiyasta gonaki wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200, matan da ke yini neman itace suka koma samunsa a gonar gida. In maigidanki na da gona a bayan gari, ki ba shi wannan labari bayan ya ci tuwon dare, ba lokacin da yake jin yunwa ba.

A madafa kuwa, murhun duwatsu uku a tsakar gida ɓarna ne, iska ke kwashe rabin wutar. Ki sa a gina miki na laka mai ƙofa ɗaya, daidai gindin tukunyarki. Ki jiƙa wake tun dare, ki riƙa rufe tukunya, ki shanya itace ya bushe sarai kafin ki sa, hayaƙin ɗanye ne ke sa ke da goyonki tari da ciwon ido. In kin sauke, ki zare bakin wutar ki kashe, gobe ya yi miki amfani.

Mai ɗan fili a gida ta nemi dashen zogale, ko gwaiba, ko mangwaro. Darbejiya na da inuwa, amma a nisanta ta da katanga da rijiya saboda saiwa. Ki jira ruwa ya zauna, wajen watan Yuli, ki haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya ki zuba taki. Sai ki kife masa tsohon kwando ko ki kewaye shi da ƙaya, ki kuma ba ɗaya daga cikin 'yan matan gidan aikin ba shi ruwan wanke-wanke marar sabulu idan rani ya shigo, don akuyar maƙwabta ba ta san dashe ba.