Jeri mai sunayen gurabe a harshen Python: gini da rubuta bayani

1. Gabatarwa

A cikin wannan maƙala za mu yi bayani a kan wata dabarar ajiye bayanai a harshen tsara manhaja na Python, wato jeri mai sunayen gurabe (n-uplet nommé). Batun ya shafi duk mai nazarin harshe da ke zuba kalmomin ƙamus ko sakamakon binciken fili cikin kwamfuta. Abin da muke son nunawa shi ne, irin wannan jeri yana da fuska biyu, matsayi da suna, kuma wajibi ne bayanin da ake rubuta masa ya kula da su duka.

2. Matsalar matsayi

Jeri na asali, wanda Python ke kira tuple, abubuwa ne da aka jera bi da bi, ba a kuma iya sauya su bayan an ƙirƙiro jerin. Ga misali:

(1) k = ("gida", "namiji", "gidaje", "maison")

Ana kiran kowane abu da lambar matsayinsa, ana fara ƙirga daga 0. Ke nan k[2] shi ne "gidaje". To amma lambar 2 ba ta nuna cewa jam'i ake nufi. Idan wani ya sake tsarin, ya gabatar da jam'i a kan jinsi, kwamfuta ba za ta tsaya ba: za ta riƙa bayar da "namiji" a matsayin jam'in "gida". A ƙamus mai dubban kalmomi, irin wannan kuskure yana iya kaiwa maɗaba'a ba a gano shi ba.

Masana nahawu sun san makamancin wannan. A Hausa, tsarin kalmomi ne ke bambanta "kare ya ciji yaro" da "yaro ya ciji kare", alhali a Larabci alamun raf'i da nasabi suna nuna mai aikatawa da wanda aka aikata wa. Jeri na asali yana dogara ga matsayi kaɗai. Mai sunaye yana ƙara alama a kan matsayin.

3. Yadda ake gina shi

Raymond Hettinger ne ya tsara namedtuple, wanda ya shiga rumbun collections a Python 2.6, a shekarar 2008. Ana amfani da shi kamar haka:

(2) Kalma = namedtuple("Kalma", "tilo jinsi jami fassara")
(3) k = Kalma("gida", "namiji", "gidaje", "maison")

A nan k.jami da k[2] abu ɗaya suke bayarwa. Dalili kuwa, (2) yana ƙera sabon aji da ya gāji tuple, kowane suna yana nuni ga matsayinsa. A cikin ajin ake ajiye sunayen, ba a cikin kowane jeri ba, shi ya sa bai fi jeri na asali cin wuri a ƙwaƙwalwar na'ura ba.

Akwai ƙa'idoji ga sunayen. Ba a maimaita suna, ba a fara shi da lamba ko da alamar "_", ba a kuma ɗaukar kalmomin da harshen ya keɓe wa kansa, kamar class ko def. An hana "_" ne domin ayyukan ajin kansa, wato _make, _asdict, _replace da _fields, da ita suke farawa, don kada su ci karo da sunayen gurabe. Ga mai rubuta Hausa, Python 3 yana karɓar ƙ, ɗ, ɓ da ƴ a cikin suna, amma ba ya karɓar alhamza. Wannan ne ya sa muka rubuta jami a (2) maimakon "jam'i", muka kuma zaɓi fassara a kan "ma'ana".

4. Rubuta bayani

Bayanin da ajin ke samar wa kansa gajere ne ƙwarai: yana lissafa sunaye da lambobin matsayinsu kurum. Tun daga Python 3.5 (2015) ana iya sake rubuta bayanin kowane gurbi, kuma muna ganin ya kamata a yi hakan, a faɗi abubuwa uku.

Na farko, ma'anar gurbi da abin da ya halatta a ciki: me za a sa wa kalmar da ba ta da jam'i, ko wadda ke da jam'i biyu? Na biyu, tsarin gurabe, domin duk manhajar da ke kira da lamba ta dogara gare shi. Ko a ƙarshe aka ƙara gurbi, manhajar da ke rarraba jerin gida huɗu za ta tsaya. Na uku, wuraren da sunaye ke ɓacewa. Wajen gwada daidaito Python ba ya duban suna, don haka (1) da (3) daidai suke a wurinsa. Haka nan idan aka mayar da (3) zuwa JSON kai tsaye, jeri maras suna ake samu, sai in an fara bi ta _asdict.

5. Kammalawa

Mun ga cewa suna yana sauƙaƙa karatu, amma bai soke matsayi ba. Shawararmu ga ɗalibai ita ce su tsayar da sunaye da tsarin gurabe, su rubuta bayaninsu, tun kafin su zuba kalma ta farko.