Awon Gaɓar da Ba a Yanke Ba

Tambayar da na ɗora wannan lacca a kanta gajeriya ce: nawa ne nauyin cinyar mutum mai rai? Mahauci ba ya shan wahala da irin wannan tambaya, sai ya yanke cinyar sa ya ɗora a sikeli. Mu kuwa gaɓar da muke son aunawa tana nan manne da mai ita.

Kuma ba nauyi kaɗai ake nema ba. Ana neman cibiyar nauyin gaɓar, wato wurin da in an tokare ta ba za ta rinjaya ba, sa'an nan ana neman yadda nauyin ya bazu a cikinta, domin shi ke nuna irin ƙarfin da za a sa kafin a juya ta. Tabarya, wadda nauyinta ya taru a kawunanta biyu, ta fi sandar da suka yi daidai a tsawo da nauyi wuyar wulwulawa. In an tattara, kowace gaɓa tana da lambobi 10: ɗaya na nauyi, uku na cibiya, shida na bazuwa. Mai ƙera ƙafar roba yana bukatarsu, haka likitan da ke lissafin ƙarfin da gwiwa ke ɗauka.

Magabata sun bi hanyar mahauci. A 1889 Braune da Fischer a Jamus suka daskarar da gawarwaki suka rarraba su suka auna. A 1955 Dempster ya yi haka da gawarwaki 8 domin mayaƙan saman Amurka, kuma daga aikinsa aka sami jadawalin da har yau yake cikin littattafai: cinya kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki, sawu kimanin kashi ɗaya da rabi. To amma su wane ne takwas ɗin nan? Turawa ne maza, duk sun haura shekara 50. A ganina ganganci ne a ɗauki awon tsofaffi takwas a ɗora wa yarinya 'yar shekara 12, alhali kuwa an daɗe ana yi. Da Zatsiorsky da Seluyanov suka haska jikin matasa masu rai da hasken gamma a Masko, wajen 1983, sai cinya ta fito kimanin kashi 14. Wani ɓangaren bambancin daga inda kowa ya shata iyakar cinya ya taso, duk da haka ga mai kilo 70 tazara ce tsakanin kilo 7 da kusan kilo 10.

Mafita ta ɓullo daga wajen maƙeran mutum-mutumin inji mai tafiya da ƙafa biyu. Za a zaci su ba su da matsala tunda su suka zana kowace gaɓa, amma zanen kwamfuta ba ya cika lissafa wayoyi da maiƙo da kusoshi, kuma in lambobin sun kauce, injin yakan yi tangal-tangal ko ya faɗi. Wajen 2008, a Jami'ar Tokyo ta Japan, Venture da Ayusawa da Nakamura suka nuna cewa ba sai an kwance shi ba. Sai a tsayar da shi a kan faranti mai auna ƙarfin da ƙafa ke danna ƙasa, a sa shi ya yi ta wurga hannu da ƙafa, ana rubuta motsin kowace gaɓa. Da yake ƙarfin da ke sauka a farantin jimla ce ta nauyi da motsin dukan gaɓoɓi, in motsin ya bambanta sosai lissafi yana iya komawa baya ya fitar da lambobin. Wannan dabara ta yi aiki a kan mutum ma, ana bin motsinsa da kyamarori.

Sai dai lissafin yakan ba da wasu lambobin maƙwabtan gaɓoɓi a haɗe, dole a koma ga siffar jiki kafin a raba su. Kuma ya ɗauka kowace gaɓa sandararriya ce kamar ƙarfe, tsokar mutum kuwa rawa take yi a kan ƙashi duk lokacin da diddige ya daki ƙasa.