Godiya a shekarar da ruwa ya ci gona

Duk wanda ya zauna a ƙasar Kabi ya san yadda ake gaisuwar damina. Idan aka ce wa manomi "yaya ruwa?" amsar ita ce "ruwa ya yi gyara", ko da kuwa a daren jiya ne gulbi ya shafe masa gona. Idan aka tambayi ma'aikaci aiki, sai ya ce "da godiya", alhali albashinsa ya ƙare tun tsakiyar wata. Matasa da dama a yau suna ɗaukar wannan a matsayin al'adar da ta hana talaka faɗin gaskiyar halinsa. A cikin majami'unmu ma, daga Gesse zuwa Argungu, ina jin tambayar tana yawo a bakin samari: shin godiyar da ake ta yi mana wa'azinta ba wata hanya ce ta rufe bakin mai jin yunwa ba? Tambaya ce mai nauyi, kuma ta cancanci amsa daga Littafi Mai Tsarki da kuma daga abin da idanunmu suka gani a wannan kwari.

A watan Nuwamba na 2015 ne aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya a nan Birnin Kebbi. Fadamun Gulbin Rima suka cika da injinan ban-ruwa, aka buɗe babbar masana'antar sarrafa shinkafa a Argungu a 2017, sunan jihar ya shiga bakin kowa. Sai ga damina ta 2020. Tsakanin ƙarshen Agusta da Satumba ruwa ya malale fadamun Augie da Argungu da Birnin Kebbi da Bunza har zuwa Bagudo da Yauri, aka ƙiyasta cewa kimanin hekta 450,000 na shinkafa sun nutse ana dab da girbi. Ba a gama farfaɗowa ba aka sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, hare-haren 'yan bindiga kuma suka tashi ƙauyuka a masarautar Zuru, inda da yawa daga cikin Kiristocin jihar suka fito. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, sai kuɗin tayar da injin noman rani ya ninka ya sake ninkawa. Wanda zai yi maganar godiya ga mutanen da suka bi ta wannan hanya, dole ya auna kalamansa.

Littafi Mai Tsarki ya bambanta abubuwa uku da mu kan haɗa su a kwando ɗaya: gunaguni, da kuka ga Allah, da neman haƙƙi. Na farkon ne kaɗai aka tsawata a kai.

Gunaguni shi ne abin da Isra'ilawa suka yi a jeji. Littafin Fitowa ya nuna cewa kwana uku kacal bayan sun haye teku suka fara ƙorafi a Mara saboda ɗacin ruwa. A sura ta 11 ta Littafin Ƙidaya kuwa, sun gaji da manna, suka shiga begen abincin Masar: kifi da kankana da albasa da tafarnuwa. Mu da muke da kifin Argungu da albasar Aliero mun san daɗin abin da suke bege, ba za mu yi musu dariya ba. Laifinsu shi ne sun tuna tukunya suka manta bulala. Sun mayar da ƙasar bauta wurin jin daɗi a cikin tunaninsu, suka kuma zargi wanda ya fisshe su da nufin hallaka su. Mai gunaguni ba ya magana da Allah, maganar Allah yake yi a bayan idonsa. Yana kai ƙararsa ga maƙwabci wanda ba shi da ikon komai, har ɗacin ya bi tanti-tanti ya cika zango. Na ga irin wannan a zaman ma'aikata da na malamai: a yi awa biyu ana lissafa matsala, kowa ya tashi da nauyin zuciya fiye da yadda ya zo, ba a yanke ko shawara ɗaya ba.

Kuka ga Allah wani abu ne daban. Da yawa daga cikin Zabura 150 koke-koke ne na mutanen da ciwo ko maƙiya ko fari suka matsa wa, kuma ba su sassauta harshe ba. Ayuba ya la'anci ranar haihuwarsa, ya nemi a ba shi dalili, amma a ƙarshen littafin abokansa masu daɗin baki ne aka tsawata wa. Annabi Habakuk ya buɗe littafinsa da tuhumar yadda zalunci ya yi yawa, ya rufe shi da ƙudurin yin farin ciki da Ubangiji ko da gona da garke sun tashi babu komai. Manomin Augie da ya tsaya a kan gonarsa ruwa har ƙugu, yana hawaye yana tambayar Mahaliccinsa dalili, bai fita daga bangaskiya ba. Yana cikin sahun waɗannan bayin Allah, kuma fasto ko dattijon ikilisiya da zai ce masa ya share hawaye don kada ya ɓata shaidarsa, ya ɗora masa kayan da Littafin bai ɗora ba.

Sai neman haƙƙi. A sura ta 16 ta Ayyukan Manzanni, an yi wa Bulus da Sila dūka a Filibi aka jefa su kurkuku, da tsakar dare suna addu'a suna yabon Allah. Masu wa'azi sukan tsaya a nan. Amma da gari ya waye mahukunta suka aiko a sake su a ɓoye, Bulus ya ƙi fita. Ya ce an dake su ba tare da shari'a ba alhali suna da 'yancin Romawa, don haka sai mahukuntan sun zo da kansu. Bakin da ya yi yabo da dare shi ne ya nemi bahasi da safe. Haka nan a sura ta 6, da aka kawo ƙarar cewa ana tsallake wasu gwauraye a rabon abinci, manzanni ba su ce a yi shiru ba, sun sa an zaɓi mutum bakwai su gyara rabon. Saboda haka mai bi da ya tambayi dalilin da gargaɗin ambaliya bai isa ƙauye a kan lokaci ba, ko inda takin da aka yi alkawari ya maƙale, ko yaushe 'yan gudun hijirar Danko-Wasagu za su koma gonakinsu, bai saɓa wa godiya ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

To, mene ne amfanin godiyar kanta? A fahimtata, godiya aikin tunawa ce. Wahala tana da halin cika ido har mutum ya daina ganin komai sai ita. Mai godiya yana tilasta wa kansa ƙidaya abin da ya rage bayan ya ƙidaya abin da ya tafi: rai, da 'ya'ya, da ƙasar da ruwa ya bar wa sabon laka, da maƙwabcin da ya ranta masa iri. Wannan lissafi ne yake mayar da mutum gona. Manoman da ruwa ya cinye a 2020 sun koma fadama da noman rani bayan 'yan watanni, Musulminsu da Kiristansu, kuma wanda ya yanke ƙauna ba ya zuba iri. Tarihin ikilisiya ma yana da shaida. Martin Rinkart, fasto ne a garin Eilenburg na Jamus a lokacin yaƙin shekara talatin, ya binne dubban mutane a annobar 1637, har da matarsa, amma abin da duniya ta fi tunawa da shi a yau waƙar godiya ce da ya rubuta, wadda ake rerawa a harsuna da yawa.

Akwai kuma godiyar jabu da ya kamata mu yi hattara da ita. Wasu masu wa'azi sun mayar da godiya ciniki: ka ba da kaza, Allah zai mayar maka da ninki. Wanda ya ba da baiko a kan wannan sharaɗi, ranar da gona ta ƙi, gunaguninsa zai fi na kowa, domin yana ganin an ci masa bashi. Dogara ga Allah ba ta zo da alkawarin cewa gulbi ba zai cika ba. Manna ma ta yini ɗaya ake tarawa, wanda ya ɓoye ta kwana sai ta yi tsutsa. Darasin shi ne a dogara ga mai bayarwa kowace safiya.

Ina da roƙo ga shugabannin ikilisiyoyinmu a Birnin Kebbi da Argungu da Zuru da Yauri, yayin da lokacin godiyar kaka ke zuwa kowace shekara. A wurare da dama bikin ya koma gasa, ana kiran suna da adadi, ana gwanjon buhu a gaban bagade, wanda ruwa ya ci gonarsa yana zaune a bencin baya kansa a sunkuye, wani ma ya ƙi zuwa sujada ranar. A daina kiran adadi. A ware kaso na hatsin da aka tara domin waɗanda suka yi asara da waɗanda aka kora daga ƙauyukansu, ba tare da tambayar addininsu ba, tunda ambaliya ba ta tambaya. A ajiye wani kaso a matsayin iri da za a ranta wa manoma a mayar bayan girbi, Zumuntar Mata kuwa ta daɗe da nuna cewa ta iya riƙon irin wannan amana. Bulus ya yaba wa ikilisiyoyin Makidoniya domin sun ba da gudummawa suna cikin tsananin talauci, kuma gudummawar ta tafi ne ga matalautan Urushalima.

Ga samarin da suka yi tambayar kuwa, amsata ita ce ku ci gaba da faɗin gaskiyar halin da ake ciki, amma ku san inda kuke kai kowace magana. Kukan zuciya a kai shi ga Allah cikin addu'a. Ƙorafin taki da hanya da tsaro a kai shi ga kansila da ɗan majalisa da hukuma, a rubuce kuma cikin ladabi, a kuma tuna da shi ranar zaɓe. Idan an yi waɗannan biyun, za ku iya amsa gaisuwar dattawa da "ruwa ya yi gyara" ba tare da kun yi ƙarya ba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da jiharmu lafiya.