Mai Ɗinka wa Sojan Fim Kaki

Daga bakin Kasuwar Singa ta Kano, inda 'yan dako ke sauke katan-katan na taliya da buhunan sukari, taku kaɗan ne zuwa shagunan telolin Fagge. A nan ake samun mai wata sana'a da sunansa ba ya fitowa sai ƙarshen fim, bayan 'yan kallo sun watse: mai kayan sawa.

Babbar riga da kayan amarya ba sa ba shi wuya. Kaki ne ke hana shi barci. Yadi a Kantin Kwari, takalmi da bel a wurin 'yan gwanjo, bindiga kuwa kafinta zai sassaƙa da katako a shafe ta da baƙin fenti. Sai lissafin muƙami: kofur igiya biyu, saje uku, laftanar anini biyu a kafaɗa, kyaftin uku, manjo mikiya. Na taɓa ganin tela ya farke hannun riga gaba ɗaya saboda igiya guda ta karkace, yana cire zaren da bakin reza sili-sili. Da gaskiyarsa. Garin da ke da Barikin Bukavu ba ya rasa tsohon soja cikin masu kallo, kuma da ƙyallawa ɗaya zai gane an ɗora wa kurtu kayan hafsa.

Ga kuma doka: sanya kakin soja ba da izini ba laifi ne, don haka sai furodusa ya nemi amincewa kafin a fita ɗauka.

Inda sojoji suka buɗe ƙofa kuwa, aikin kan fita daban. Fim ɗin '76 na Izu Ojukwu, wanda ya fito a 2016 kan yunƙurin juyin mulkin da ya ci ran Janar Murtala Muhammad ranar 13 ga Fabrairun 1976, a Barikin Mokola na Ibadan aka ɗauke shi, sojoji suka horar da 'yan wasan. A 2021 Rundunar Sojan Sama ta haɗa hannu aka yi fim ɗin Eagle Wings, ɗan wasa Yakubu Mohammed na ciki, da jiragen yaƙi na gaske.

Rashin irin wannan haɗin kai a nan yana ci mini rai. Murtala ɗan Kano ne, a nan kabarinsa yake, kuma tun fim ɗin Turmin Danya a 1990 garin nan ke fitar da fina-finai. Buƙatar mai kayan sawa ba ta da yawa: hafsa ɗaya da zai duba rigar kafin a kunna kyamara, ya nuna wa ɗan wasa yadda ake ƙamewa a sara wa babba. Bukavu da shagunan telolin nan duk a ƙaramar hukumar Fagge suke.