Fijo 504 ta zauna ta baya: Wahalar neman sifirin a kasuwar 'yan safaya

Yanzu yayi ne a tsakanin matasa a tayar da tsohuwar motar gida. A fito da ita daga ƙarƙashin tamfol, a kai wa fanbita, a fesa fenti, a ɗauki hoto a ɗora a Instagram. Ni ma na bi sahu da Peugeot 504 ta mahaifinmu, wadda kowa ya fi sani da Fijo. Injin bai ba mu wahala ba. Inda aka sha fama shi ne baya: da mutum uku sun zauna, sai motar ta durƙusa, salansa ta riƙa gogar ƙasa a kowane tudun rage gudu.

Kuskuren farko nawa ne, na ɗauka shakazoba ce. Na saya, aka ɗaura, mota tana nan zaune. Shakazoba aikinta hana mota rawa bayan ta faɗa rami. Wanda ke ɗauke da nauyi, yake tsayar da mota a tsayinta, shi ne sifirin, wato ƙarfen nan mai murɗe-murɗe. Idan mota tana lilo, a duba shakazoba. Idan ta zauna, sifirin ne ya gaji, ko kuma robar da yake zama a kanta ta cinye.

Sai ka zaci samun na 504 abu ne mai sauƙi. Motar ta fito a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai a 1969, kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna da ta fara aiki a 1975 ta ci gaba da harhaɗa ta har bayan shekarar 2000, alhali a Faransa an daina ƙera salun ɗin tun 1983. Kayanta sun cika Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano da Ladipo a Legas. Matsalar ita ce yawancinsu daga jikin motocin haya aka ciro su, waɗanda suka shekara ashirin suna jigilar fasinja da buhunan masara. Sifirin ɗin da za a miƙo maka wataƙila ya fi naka gajiya.

Ga kuma abin da mai shago ba zai tsaya yi maka bayani ba: 504 ba iri ɗaya ba ce ta ƙasa. Doguwar, wato wagon, sifirin huɗu gare ta a baya, biyu kowane gefe. Akori-kurar kuwa sifirin ɗinta na falle-falle ne irin na manyan motoci. Salun ɗin ma kashi biyu ce: akwai wadda kowace ƙafar baya ke motsi da kanta, akwai mai sanda guda da ta haɗa ƙafafun biyu. Amma da ka ce "na Fijo nake nema", amsar ɗaya ce: "Ai duk ɗaya ne, yallaɓai, kai dai ɗauka ka gwada."

Ba ɗaya ba ne. Kuma ido ba ya gane bambancin, sai awo. Wani dattijon bakanike, irin waɗanda suka tsufa a ƙarƙashin Fijo, shi ya sa na ciro tsohon na tafi da shi kasuwa tare da tef da ma'aunin kauri. Abu biyar ake dubawa: tsayinsa idan ba nauyi a kansa, faɗin da'irarsa, yawan zagayensa, yadda bakinsa na sama da na ƙasa suka ƙare, sannan kaurin ƙarfen. Wannan na ƙarshen shi ne aka fi rainawa, shi ne kuma ya fi tasiri. Ƙarfe mai kaurin milimita 13 ya fi mai milimita 12 tauri da kusan kashi 38 cikin 100, idan sauran awon ɗaya ne. Milimita guda kacal. Ka sa irin wannan, motar za ta tashi tsaye, amma duk wanda ya zauna a baya sai ƙugunsa ya gaya masa. A tuna kuma tsohon naka ya riga ya lotsa, don haka sabon da ya dace zai ɗan fi shi tsayi.

A gareji za a kawo maka dabaru. Wani zai ce a gasa shi da wutar walda a miƙe shi. Kada ka yarda. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, bayan 'yan makonni ya sake zama, ko ya karye kana kan hanyar Zariya da iyali a ciki. Wani zai ce a sayo dogo na wata mota a yanke. Yanke zagaye yana ƙara masa tauri, bakin kuma ba zai zauna daidai a gurbinsa ba. Cusa guntun tayar mota tsakanin zagayen ma ɓoye ciwon ne kawai. Duk wanda ka ga tsatsa ta yi masa ramuka, ajiye shi, nan ne karaya ke farawa.

Biyu ake canzawa tare, hagu da dama, ko da ɗaya ne ya lalace, in ba haka ba mota ta karkace. Kuma don Allah kada a yi wannan aikin a ƙofar gida da jak ɗaya. Sifirin da ke matse idan ya kuɓuce, karya hannu ƙaramin abu ne a wurinsa.

Ni sai da na yi Asabar uku ina zarya. A ta ukun aka kai ni can bayan shaguna, wurin wata salun da tsatsa ta cinye bodinta amma ba ta taɓa yin haya ba. Muka ciro biyun a gabana, muka jera su a ƙasa, tsayinsu ɗaya, awo ya yi daidai. Na haɗa da sababbin robobi. Ranar ɗaurin auren ƙanwata, gwaggonnina uku ne a kujerar baya, kuma har muka je muka dawo salansa ba ta taɓa ƙasa ba.