Na'urar Asibiti Amana Ce a Hannun Ma'aikaci

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a asibitin Garwa ko na Marwa ya san yadda hankali ke tashi idan aka ce na'urar hoto ko ta numfashi ta tsaya. Mukan ɗora laifi a kan ɗaukewar wuta, ko ƙurar hunturu, ko zafin watan Afrilu. To amma ingancin na'ura yana farawa ne tun daga masana'antar da ta ƙera ta, da irin tarbiyyar aikin da ma'aikatanta suka tarar. Misalai biyu daga ƙetare za su fayyace mana wannan.

A shekarar 1949 Earl Bakken da Palmer Hermundslie suka buɗe ɗan shagon gyaran kayan asibiti a cikin gareji a birnin Minneapolis na Amurka. Shi ne ya zama Medtronic, wanda a yau yake da ma'aikata fiye da 90,000. A 1957 wuta ta ɗauke a birnin, yaran da aka yi wa aikin zuciya suka shiga haɗari, domin na'urar da ke daidaita bugun zuciyarsu da lantarki take aiki. Likita Walton Lillehei ya nemi Bakken ya ƙera mai aiki da batir, ya kuwa ƙera. A 1960 Bakken ya rubuta manufar kamfanin, ya sanya mutunta ma'aikaci a cikinta. Ya kuma kafa al'adar gayyato marasa lafiyar da suka amfana duk shekara, su tsaya gaban ma'aikata su ba da labarinsu, domin mai haɗa waya ya san cewa rai ne a ƙarshen wayar.

Misali na biyu na jan kunne ne. A watan Yuni na 2021 kamfanin Philips na ƙasar Holan ya janye miliyoyin na'urorin taimakon numfashi, saboda soson da ke rage ƙararsu yana marmashewa, majinyaci ya shaƙa. Binciken 'yan jarida a Amurka a 2023 ya nuna cewa dubban koke-koke sun isa kamfanin tun daga 2010. Tsakanin 2022 da 2023 kamfanin ya sanar da rage guraben aiki 10,000. Ɓarnar da aka yi jinkirin tarewa ta ci majinyaci, ta ci ma'aikaci.

Ya 'yan'uwa, wannan magana ta shafe mu. An kafa Jami'ar Garwa a 2022, 'ya'yanmu suna karatun likitanci, wasu kuma suna koyon girka na'urori da gyaransu. Ɗan ƙasarmu Arthur Zang ya ƙera Cardiopad, wadda ke auna zuciya a ƙauye ta aika sakamako ga likita a birni, har ta sami lambar yabo a 2016. Mun tarbiyyantar da yaranmu a kan kunya da rashin musu da na gaba, kuma wannan ado ne. Sai dai idan ma'aikaci ya ga awon na'ura ya karkace, ya yi shiru don kada shugaba ya ji haushi, wannan ba kunya ba ce, cin amana ne. Addinin da ya hana tauye mudu a kasuwa ba zai yarda da tauye awon jini ba.

Saboda haka iyaye su koya wa 'ya'yansu faɗin gaskiya cikin ladabi. Mai neman aiki ya tambayi na ciki kafin ya sa hannu: yaya ake yi da wanda ya kawo rahoton kuskure? Shugabanni kuma su biya albashi a kan kari, su ba da lokacin salla, su saurari ƙaramin ma'aikaci, domin shi ne hannunsa ke kan na'urar.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu cikin masu riƙon amana, amin.