LISSAFI BA A KOYONSA DA KALLO

A wannan mako ina so mu yi magana a kan wani abu wanda ya kan tare wa 'ya'yanmu mata hanya, watau lissafi.

Kowace daga cikinku ta san wata yarinya mai ƙoƙari wadda ta yi ta cin jarrabawa tun daga firamare, amma da karatu ya yi nisa sai ta juya wa lissafi baya, ta ce kanta ba ya ɗauka. Ga shi kuwa duk mai son karanta kimiyya, ko aikin injiniya, ko aikin likita, tilas ta ci lissafi kafin a ɗauke ta a jami'a. In kuwa kimiyya ko injiniya ta shiga, da shi za ta fara yin karo a shekarar farko. To, in yarinya ta faɗi, laifin kanta ne, ko kuwa laifin yadda a ke koya mata? Malaman jami'o'in Amurka sun yi wajen shekara 50 suna bin diddigin wannan tambaya, abin da suka gano kuwa ya shafe mu.

YADDA A KA SABA

Ga yadda a kan koyar da lissafi a yawancin jami'o'i. Malam ya kan tsaya a gaban allo, ya ba ɗalibai baya, ya yi ta rubutu yana bayani har awa guda. Ɗalibai kuwa, wani lokaci su ɗari biyu ko fiye, suna ta kwafa. Wannan shi a ke kira lacca. Sa'ad da malam ke yi, kome sai ya zama kamar da sauƙi. Amma da yarinya ta koma ɗaki ta buɗe littafi, sai ta rasa inda za ta fara.

Ku uwaye kun san irin wannan. Yarinya ta kan shekara tana kallon uwarta tana tuƙa tuwo, har ta ce ai ta iya. Ran da aka miƙa mata muciya, sai ga tuwo duk gudaji. Sai ta yi sau uku sau huɗu, ana gyara mata, kana hannunta ya faɗa. Lissafi ma haka ya ke.

ABIN DA AKA GANI A BERKELEY

A shekarar 1975 akwai wani saurayi mai suna Uri Treisman, yana karatun digirin dokta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, yana kuma taya koyar da kalkulas. Kalkulas shi ne lissafin yadda abu ke canzawa. Da shi a ke sanin gudun mota a daidai wani lokaci, ko saurin da ruwa ke hawa a tanki. Shi ne ƙofar shiga kimiyya da injiniya a jami'a.

Treisman ya lura ɗalibai baƙar fata suna faɗuwa a wannan darasi da yawa, 'yan asalin ƙasar Sin kuwa suna ci. Da aka tambayi malamai dalili, sai suka kawo zato iri huɗu. Waɗansu suka ce rashin himma ne, waɗansu suka ce makarantun da suka fito ne ba su da kyau, waɗansu suka ce iyaye ne ba su kula ba, waɗansu kuwa suka ce talauci ne.

Shi dai bai tsaya ga zato ba, gama gani ya kori ji. Ya zaɓi ɗalibai 20 baƙar fata da 20 'yan asalin Sin, ya bi su har ɗakunansu fiye da shekara guda yana duban yadda su ke karatu. Ashe duk zaton nan huɗu babu wanda ya tsaya. Baƙar fatan nan suna da himma ƙwarai, iyayensu na tsaye a kansu, da yawansu kuma su ne zakarun makarantun da suka fito. Abin da ya raba su da 'yan'uwansu shi ne, 18 daga cikin 20 ɗin nan ba su taɓa zama su yi karatu da wani ɗan ajinsu ba. Kowa sai ya kulle kansa a ɗaki. In ya kakare a kan tambaya, sai ya yi ta maimaita hanya guda har dare ya raba, ba shi da mai ce masa ga inda ya kauce. Bai ma san tambayar ta gagari kowa a ajin ba, sai ya ɗauka shi kaɗai ne daƙiƙi.

'Yan asalin Sin kuwa su kan yi wajen awa 14 a mako a kan darasin. Awa 8 zuwa 10 kowa ya yi shi kaɗai, sa'an nan da maraice su taru, wani lokaci su dafa abinci su ci tare, su baje aikinsu, wannan ya duba na wancan. In amsar biyu ta saɓa, sai a yi ta gardama har a gane wanda ya yi kuskure, da inda ya yi shi.

A 1978 Treisman ya kafa wani zama na musamman domin ɗaliban nan. Sau biyu a mako su kan taru na awa biyu, a kasa su ƙungiya ƙungiya, a ba su tambayoyi, malami yana zagayawa yana saurare. Ku lura da dabara biyu da ya yi. Ta farko, bai kira zaman ajin masu rauni ba, ya kira shi ajin zaƙaƙurai, domin ba mai son a nuna shi da yatsa a ce ya gaza. Ta biyu, tambayoyin da ya ba su sun fi na cikin aji wuya, don kada wani ya gama shi kaɗai ba tare da ya nemi ɗan'uwansa ba. Faɗuwa ta ragu ƙwarai a cikin waɗanda suka shiga, har jami'o'i da yawa a Amurka suka ɗauki tsarin. Lalle hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

IN AJI YA CIKA FA?

Wata za ta ce, wannan ai sai inda malamai suka wadata, ina ga ajin da ya cika maƙil? To, akwai dabarar wani Shehun Malami na Jami'ar Harvard mai suna Eric Mazur, wadda ya fara a farkon shekarun 1990. Shi malamin fiziks ne, amma malaman lissafi sun ɗauke ta. Malam ya kan yi bayani kaɗan, sa'an nan ya tsaya ya yi tambaya guda. Kowa ya yi tunani shi kaɗai na minti ɗaya ko biyu, ya nuna amsarsa. Daga nan malam ya ce kowa ya juya ga na kusa da shi wanda amsarsu ta bambanta, ya yi ƙoƙarin shawo kansa. Bayan 'yan mintoci a sake tambaya. Sau da yawa masu amsa daidai su kan ƙaru, tun malam bai buɗe baki ba. Dalili kuwa, wanda ya gane abu yanzu yanzu bai manta inda wuyar ta ke ba, malam kuwa ya daɗe da mantawa. Wannan dabara ba ta cin ko kwabo, ɗaga hannu ma ya isa.

Bari mu gwada ta a nan. A ce turmin atamfa naira 10,000 ne. Mai kanti ya ƙara kashi 20 cikin 100 a kan kuɗinsa. Da Salla ta wuce, sai ya rage kashi 20 cikin 100 daga sabon kuɗin. Shin ya koma kuɗinsa na da? Ki ajiye jaridar nan, ki yanke amsarki, sa'an nan ki tambayi wadda ke kusa da ke.

Da yawa za su ce ya koma, tun da abin da aka ƙara shi aka rage. Amma duba. Da aka ƙara, ya zama 12,000. Kashi 20 cikin 100 na 12,000 kuwa 2,400 ne. In an cire, saura 9,600. Ashe ya gaza kuɗinsa na da da naira 400. Wadda ta yi gardama a kan wannan kafin ta ga amsa, ba za ta manta da shi ba. Wadda aka rubuta mata a allo ta kwafa, kafin mako ya kewayo ya fita kanta.

ABIN DA ƘIDAYA TA NUNA

A 2014 wani malami na Jami'ar Washington mai suna Scott Freeman, shi da abokan aikinsa, suka tara bincike 225 da aka yi a azuzuwan kimiyya da injiniya da lissafi, suka auna. A inda lacca kaɗai a ke yi, kusan ɗalibai 34 cikin 100 ke faɗuwa. A inda a ke sa ɗalibai su yi aiki da hannunsu a cikin aji kuwa, kusan 22 ne. Watau a kowane ɗari, an tsirar da 'ya'yan mutane 12.

Amma akwai wani abin mamaki. A 2019 aka yi gwaji a Harvard, aka koya wa ɗalibai darasi ta hanyoyin nan biyu, sa'an nan aka tambaye su wadda suka fi ƙaruwa da ita. Suka ce lacca. Da aka yi musu jarrabawa kuwa, sai aka ga sun fi ci a darasin da suka sha wuya da kansu. Lacca mai daɗi ta kan sa mutum ya ji kamar ya iya. Saboda haka, 'yata, in malam ya bar ki kina fama da tambaya, kada ki ce ba ya son ki. Wannan famar ita ce karatun.

RABON MATA

Ga inda maganar ta fi shafarmu. A 2016 Jessica Ellis da abokan aikinta suka buga binciken da suka yi a kan ɗaliban kalkulas na jami'o'in Amurka. Suka ga mata sun fi maza barin hanyar kimiyya bayan darasin farko, har ninki ɗaya da rabi. Ko a cikin masu ƙoƙari waɗanda suka zo da shiri mai kyau, mata sun fi maza shakkar kansu, tun daga farkon zango har ƙarshensa. Namiji ya kan ci rabi ya ce ya iya, mace ta ci fiye da haka ta ce ba ta gane ba.

Kafin wannan, a 2014, Sandra Laursen da abokan aikinta sun duba azuzuwan lissafi fiye da 100 a jami'o'i huɗu. A azuzuwan lacca, mata sun ce ƙaruwarsu ba ta kai yadda maza suka faɗi tasu ba. A azuzuwan da ɗalibai ke warware tambaya da kansu, su fito gaban allo su yi bayani, wannan rata ta ɓace. Ni dai a ganina dalilin a fili ya ke. Yarinyar da ta ga namijin da ke cika baki shi ma ya kakare a gaban allo, ta kuma ga ita ce ta gyara masa, ta daina ɗaukar kanta a baya.

ABIN DA ZA MU YI

Ke 'yar makaranta, nemi abokai biyu ko uku masu himma, ku sa rana biyu a mako. Amma ki riƙe sharaɗin nan: kada ki je wurin taro sai kin zauna ke kaɗai kin gwada kowace tambaya. Wadda ta je da farar takarda don ta kwafi na wata, ta koma kallon tuƙin tuwo. In kun taru, kowace ta yi bayanin yadda ta bi, sauran su tambaye ta dalili. Kada ku zaɓi masu sauƙi kaɗai. Abin da ya gagare ku duka, ku kai wa malam tare, gama matambayi ba ya ɓata. Ki kuma saurari bayanin malam da kyau, domin shi ne harsashi, aikinki ne ginin.

Ke kuma uwar gida, ko ba ki taɓa jin sunan kalkulas ba, kina da naki taimako. Ki rage wa yarinya aikin gida a ranakun karatunta, kada a bar ƙanenta namiji da littafi ita kuwa a bar ta da wanke-wanke. Ki bar ƙawayenta su zo su yi karatu a tsakar gidanki, a gaban idonki. Ki ce ta yi miki bayanin abin da ta koyo, domin mai bayani shi ke fara gane inda bai iya ba. Babban abu kuwa, ki daina ce mata, ai mu mata ba mu da kan lissafi. Wa ke riƙe kuɗin adashi na mutum goma ba tare da kwabo ya ɓace ba? Wa ke sanin ribar mudun gyaɗa bayan an fid da mai da ƙuli-ƙuli da kuɗin itace? Ke ce.

Mu kuma malamai, a Kwalejin Horon Malamai an koya mana cewa yaro ya fi riƙe abin da ya yi da hannunsa. Sai mu rage yawan maganarmu, mu miƙa wa yara alli, mu kuma lura kada maza kaɗai su riƙa fitowa gaban allo.

Kada wata ta ce wannan hanya ta fi ƙarfin macen ƙasarmu. Marigayiya Grace Alele-Williams, haifaffiyar Warri, ta sami digirin dokta a fannin koyar da lissafi a Jami'ar Shikago a 1963, ita ce macen Nijeriya ta farko da ta kai wannan matsayi. A 1985 ta zama shugabar Jami'ar Benin, mace ta farko da ta shugabanci jami'a a ƙasar nan. Wa ya sani, ko mai irin wannan rabo tana nan cikin gidanki yanzu, tana jiran a ba ta lokaci da abokan karatu?

Ku gwada tambayar atamfar nan a gida da daren nan, ku ga wa zai ci, maigida ko 'yan makaranta. Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.